Ilmin Tsarin Ma'aikatu: Yana Raye Ko Kuwa Gadonsa Ake Ci?

 

Tun da farko ya kamata mu faɗi matsayinmu, don kada a ɗora mana rawanin da ya fi ƙarfin kanmu. Mu ɗalibai ne, ba mu taɓa shugabantar wata ma'aikata ba, ba mu ko taɓa sa hannu a fayil ba. Abin da muka zo da shi yau daga littattafai muka tsinto shi, da kuma abin da idonmu ya gani a ofisoshin da muka yi zaman jira a bakin ƙofofinsu. Amma kuma maganar ta shafe mu fiye da kowa, domin nan da shekara ɗaya ko biyu akasarinmu za mu shiga waɗannan ofisoshi, mu zauna a kan kujerun da muke zagi yanzu.

Ilmin da za mu yi magana a kansa shi ne wanda ke nazarin yadda ake tara mutane da yawa, a raba musu aiki, a ɗora wasu bisa wasu, don a cim ma abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ma'aikatar gwamnati, kamfani, asibiti, rundunar soja, jami'a, har da ƙungiyar ɗalibai irin tamu, duk suna cikin abin da yake dubawa. Tambayoyinsa kuwa ba su da wuyar faɗa. Me ya sa ake kafa ma'aikatu? Me ya sa suke kama da juna? Me ya sa wasu ke aiki wasu kuwa sai suna? Shekara talatin da wani abu ke nan masanan wannan fanni suna gardama a tsakaninsu a kan ko ilmin nasu yana ci gaba, ko kuwa ya tsaya cik tun tuni. Wannan gardama ce muka kawo muku.

Ba za a gane gardamar ba sai an san abin da aka gada. A shekarar 1911 wani injiniya ɗan Amurka, Frederick Taylor, ya fito da littafinsa a kan tafiyar da aiki bisa awo. Ya riƙa tsayawa da agogo a kan leburori yana auna kowane motsi nasu, har ya yi iƙirarin cewa a wata masana'antar ƙarfe ya ɗaga abin da lebura ke lodi a yini daga tan 12 da rabi zuwa tan 47. A Jamus kuma Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya bayyana siffar mulkin ofis: muƙamai hawa hawa, dokoki a rubuce, ɗaukar ma'aikaci bisa cancanta, albashi tsayayye, da raba dukiyar ofis da aljihun mai riƙe da ofis. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin dokokin aikin gwamnati na ƙasar nan, to, ya ga wannan siffa ko da bai san sunan Weber ba. Abin lura shi ne Weber bai yi wa tsarin kirari ba. Ya ga ƙarfinsa, ya kuma ji tsoron zai daure ɗan Adam ya mai da shi ƙusa a cikin inji.

Daga 1924 zuwa 1932 aka yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Chicago. A wani ɗaki da aka sa wa ma'aikata 14 ido, sai aka ga sun yanka wa kansu iyakar aikin da za su yi a yini, duk wanda ya zarce kuwa sai 'yan uwansa su tsangwame shi, ko da yake zarcewar za ta ƙara masa kuɗi. Watau a ƙarƙashin tsarin da manaja ya zana a takarda akwai wani tsari na daban da ma'aikata suka gina wa kansu. Kowane masinja ya san wannan, amma sai da aka shekara takwas ana bincike kafin malamai su yarda. Sa'an nan Herbert Simon ya zo a 1947 ya ce mai yanke shawara a ofis ba ya iya auna dukkan hanyoyi ya zaɓi mafi kyau, domin lokacinsa da saninsa gajeru ne. Yakan tsaya ne a kan hanya ta farko da ta wadatar. Wannan tunani na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1978. A Ingila kuma Joan Woodward ta bi kamfanoni 100 a kudancin Essex cikin shekarun 1950, ta gano cewa babu tsari guda da ya dace da kowa: irin injin da kamfani ke aiki da shi, shi ke nuna tsarin da zai karɓe shi.

Amma kakar wannan ilmi, lokacin da rumbu ya cika, ita ce tsakanin 1972 da 1983. A 1972 Cohen da March da Olsen suka duba yadda ake yanke shawara a jami'o'i, suka kwatanta ta da kwandon shara, inda matsaloli da magunguna da mahalarta taro ke zubowa kowa a lokacinsa, maganin da ya tarar da matsala a kusa sai ya manne mata. Wanda ya taɓa zaman majalisar ɗalibai ba ya bukatar ƙarin bayani. A 1975 Oliver Williamson ya ce kamfani yakan yi abu da kansa ne in tsadar ciniki da tsoron ha'inci a kasuwa sun yi yawa. A 1977 Hannan da Freeman suka ce ma'aikatu ba su cika sauya hali ba, mutuwa suke yi wasu su maye gurbinsu. A 1978 Pfeffer da Salancik suka ce in kana son sanin mai juya ma'aikata, to, nemi wanda ke riƙe da abin da ba ta iya rayuwa sai da shi.

Akwai mazhaba ɗaya daga cikin waɗannan da muke so mu daɗe a kanta, domin ita ta fi rinjaye a yau, ita ce kuma ta fi taɓa mu. A 1977 John Meyer da Brian Rowan, bayan nazarin makarantu a Kalifoniya, suka ce yawancin sassa da kwamitoci da tsare-tsaren da ma'aikata ke kafawa ba don aiki ya gudana ake kafa su ba. Ana kafa su ne don jama'a da masu ba da kuɗi su ga ma'aikatar ta yi kama da abin da ake kira ma'aikata ta zamani. Da yake kuwa waɗannan kayan ado sukan hana aiki in an bi su sosai, sai a raba gida biyu: zauren da baƙi ke gani daban, cikin gida inda ake girki daban. A 1983 Paul DiMaggio da Walter Powell suka ɗora a kai, suka nuna hanyoyi uku da ma'aikatu ke bi su zama kamar an haife su ciki ɗaya. Akwai tilas, daga gwamnati ko mai ba da rance. Akwai kwaikwayo, wanda ake yi sa'ad da aka rasa abin yi sai a dubi maƙwabci. Akwai kuma tarbiyyar ƙwararru, waɗanda suka yi makaranta ɗaya suka karanta littafi ɗaya, suka watsu cikin ofisoshi da tunani iri ɗaya.

To, daga nan ne rigima ta tashi. A 1993 Jeffrey Pfeffer na Jami'ar Stanford ya rubuta cewa fannin ya tarwatse, kowa da mazhabarsa, ba a yarda da tambaya guda ba balle amsa, saboda haka masana tattalin arziki, waɗanda kansu ke haɗe, suna ƙwace musu kuɗin bincike da kunnen masu mulki. Shawararsa ita ce a haɗa kai a kan tafarki kaɗan. John Van Maanen ya mai da masa martani mai zafi a 1995, ya ce wannan neman sarauta ne a cikin ilmi, yawan muryoyi kuwa alama ce ta rai. A 2007 Donald Hambrick ya kawo wani kuka dabam, cewa manyan mujallun fannin ba su karɓar bincike sai ya zo da sabon ra'i, ko da abin da aka gano yana da muhimmanci. Ya buga misali da likitan da zai lura cewa masu shan taba suna yawan kamuwa da ciwo, a ƙi buga aikinsa don bai zo da ra'in da zai bayyana dalili ba. A 2010 Gerald Davis na Jami'ar Michigan ya yi tambaya kai tsaye, ko ra'o'in nan suna ci gaba kuwa, ya nuna cewa har yanzu jarin shekarun 1970 ake juyawa. A 2011 mujallar Academy of Management Review ta keɓe fitowa guda don neman sababbin ra'o'i, editocin da kansu suka buɗe ta da tambayar ina suke.

Masu kare fannin ba su yi shiru ba. A 2015 Michael Lounsbury da Christine Beckman suka lissafa rassan da suka tsiro daga baya, kamar nazarin yadda tunanin kasuwa da na addini da na iyali da na hukuma ke karo a cikin ma'aikata guda, da nazarin zumunci da sanayya a tsakanin kamfanoni, da nazarin abin da ma'aikata ke yi da hannunsu yau da gobe. A 2020 ƙungiyar masanan fannin ta Turai ta fara buga sabuwar mujalla mai suna Organization Theory. In da yawan mujallu da taruka ake auna rai, lalle fannin yana da ƙoshin lafiya. Mu dai a ganinmu wannan awo bai isa ba, domin kasuwa na iya cika da mutane ba a sayar da kome ba.

Hujjar Davis da ta fi kama mu ba ta yawan takardu ba ce. Cewa ya yi dabbar da aka gina ilmin don nazarinta ita ce ke ɓacewa. A 1979 kamfanin motoci na General Motors yana da ma'aikata fiye da 800,000 a duniya. Kodak yana da wajen 145,000 a 1988. A 2012, shekarar da Kodak ya durƙushe ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, a shekarar ce Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1, ma'aikatansa kuwa 13 ne. Kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwannin Amurka sun kai wajen 8,000 a 1996, cikin shekara ashirin suka ragu da kusan rabi. Yanzu kamfani na iya ba da kwangilar ƙira, da ta haɗawa, da ta dako, ya riƙe suna kaɗai. Direban Uber ba shi da manaja da zai gaisar da safe. Manhaja ce ke ba shi aiki, ta auna shi, ta kuma iya rufe shi. Har sai da Kotun Ƙolin Birtaniya ta zauna a 2021 kafin a yanke cewa direbobin da suka kai ƙara ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu. Ilmin da ya ginu a kan sanin wane ne a ciki wane ne a waje, dole ya rikice in katangar ta faɗi. Sai dai kuma a nan muka ga abin ban mamaki: agogon Taylor bai mutu ba, ya koma cikin waya ne, yana auna direba da mai ɗaukar kaya a rumbun ajiya daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Wani zai ce, to, mene ne ruwanmu da faɗan farfesoshin Amurka? Ruwanmu shi ne ra'i ba ya zama a cikin mujalla. Sumantra Ghoshal, a wata maƙala da aka buga a 2005 bayan rasuwarsa, ya ce makarantun koyon kasuwanci sun shekara da shekaru suna koya wa ɗalibai cewa manaja mai son kansa ne, ba ya aiki sai da tsoro ko kwaɗayi, har ɗaliban suka fita suka gina kamfanoni a kan wannan zato, suka kuma zama abin da aka zata. Yana rubutun ne bayan faɗuwar Enron ta 2001. Ra'in masanin taurari ba ya sauya tafiyar wata, amma ra'in masanin ma'aikatu yana sauya halin ma'aikaci. Abin da aka koyar a can kuwa yakan iso nan cikin jakar masu ba da shawara.

Mu dubi tarihin aikin gwamnati a Nijeriya. Hukumar Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahoto a 1974, ta ba da shawarar a shigo da sababbin dabarun gudanarwa, har da tsarin da shugaba da na ƙasa da shi za su yanka buri tare a auna aiki da shi. Abin da jama'a suka riƙe daga Udoji shi ne ƙarin albashi da kuɗin watannin baya, da tsadar kaya da ta biyo. Dabarun kuwa ba su kama ƙasa ba. A 1975 aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, tabbacin aiki da Weber ya ƙidaya cikin ginshiƙan mulkin ofis ya girgiza. A 1988 aka soke muƙamin babban sakatare aka kawo babban darakta wanda zai tafi tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Bayan kwamitin Allison Ayida na 1994 aka koma gidan jiya. A 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙidaya hukumomin tarayya 541 ya ce a haɗe wasu a soke wasu, a Fabrairun 2024 kuma aka sake ba da sanarwar za a aiwatar da rahoton. Wanda ya karanta Meyer da Rowan ba zai yi mamakin wannan jerin ba. Lant Pritchett da Matt Andrews da Michael Woolcock ma sun ari tunanin a littafinsu na 2017, suka nuna yadda ƙasashe masu tasowa ke ɗaukar siffar hukumomi masu aiki ba tare da aikin ba, don masu ba da agaji su gani. Hausawa sun riga sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kada kuma mu yi dariya da yawa, domin tsarin mulkin ƙungiyarmu ta ɗalibai yana da kwamitocin da ba su taɓa zama ba tun da muka shigo jami'a, amma kowace shekara sai an rantsar da shugabanninsu.

Ga wani bincike da ya kamata kowane matashin ma'aikaci ya sani. Imran Rasul da Daniel Rogger sun bi ayyukan gwamnatin tarayyar Nijeriya kimanin 4,700, kamar rijiyoyin burtsatse da gine-gine da hanyoyi, waɗanda injiniyoyi suka je suka duba da idonsu, suka haɗa da yadda ake tafiyar da hukumomi 63 masu aiwatar da su. Sakamakon, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa inda aka sakar wa ma'aikata mara su yanke shawara, an fi kammala ayyuka. Inda kuwa aka tsananta sa ido da alkawarin lada bisa awo, kammalawa ta ragu. Wannan ya saɓa wa abin da ake faɗa a kusan kowane taron gyaran aikin gwamnati. Ba mu ce a daina binciken kuɗi ba, kuma alaƙa tsakanin abu biyu ba ita ce hujjar cewa ɗaya ya haifi ɗaya ba. Amma a lura, masana tattalin arziki ne suka yi wannan aiki, a mujallarsu aka buga shi, alhali tambayar ta Simon da Woodward ce. Abin da Pfeffer ya ji tsoro a 1993 ke nan.

Akwai kuma abin da ke gabanmu wanda manyan ra'o'in nan ba su gina kansu a kai ba. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafinsa na 1969 a kan fataucin shanu da goro na Hausawa. Ya nuna yadda maigida ke saukar da fatake, ya ba su masauki, ya sa dillalansa su sayar wa mahauta shanu bashi, shi kuma ya tsaya lamuni, duk ba tare da takardar yarjejeniya ko banki ba. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne mutunci, da sanin halin kowane mahauci, da zumuncin unguwa da na ɗariƙar Tijjaniyya. Wannan ciniki ne na dukiya mai yawa a tsakanin wurare masu nisan ɗaruruwan mil, ba shi da babban ofis, ba shi da jerin ma'aikata. Watau irin ƙungiyar da ba ta da katanga, wadda ke rikita masanan Amurka a yau, kakanninmu sun daɗe da ita. Peter Ekeh kuma ya rubuta a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a biyu: ta asali, wadda yake jin nauyinta a wuyansa, da ta hukuma, wadda yake ɗauka wurin samu ce kawai. Mutum guda zai riƙe kuɗin ƙungiyar garinsu da amana har kobo, ya je ofis ya yi abin da ya ga dama da na gwamnati. Wannan ra'i ne na tsarin ma'aikatu cikakke, ɗan ƙasar nan ya fito da shi, amma a sashen kimiyyar siyasa aka fi karanta shi.

Lalle an fara farkawa. An kafa ƙungiyar masana gudanarwa ta Afirka a 2011, ta fara buga mujallarta a 2015, a 2016 kuma editocin Academy of Management Journal suka yi kira da a shigo da Afirka cikin bincike. Muna maraba da haka, amma da sharaɗi. In shigo da Afirka yana nufin a ɗauko tambayoyin da aka tsara a Boston a raba wa ma'aikatan banki a Kano su cika, to, an ƙara wa tsohon ra'i lamba ne kawai. Mu ma nan muna da laifi. A duba kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatunmu: babi na biyu ya jero Taylor da Fayol da Maslow, babi na uku ya ce an raba takardun tambaya, babi na biyar ya ba da shawarar gwamnati ta ƙara ƙoƙari. Da wuya ka sami wanda ya je ya zauna wata uku a tashar mota ya ga yadda ƙungiyar direbobi ke tsara layi da karɓar kuɗi da hukunta mai tsallake, ko ya bi yadda ake raba rumfuna da sasanta rikici a Kantin Kwari, ko yadda adashi ke tafiya shekara da shekaru ba wanda ya gudu da kuɗi, ko ya bi fayil guda daga teburin akawu har ya fito, yana rubuta kwana nawa ya yi a kowane tebur da dalilin da ya sa.

Saboda haka amsarmu ga tambayar da muka sa wa wannan lacca ita ce, ilmin yana raye, amma ya fi ƙarfi wajen bayyana abin da ya sa gyara ke kasawa fiye da nuna yadda za a yi gyaran, kuma rabin aikinsa wasu fannoni ne ke yi masa. Muna roƙon sashenmu ya yarda ɗalibin shekarar ƙarshe ya rubuta kundinsa a kan kasuwa ko tasha ko ofis guda da ya zauna a ciki, ba lalle sai ya raba takardun tambaya ba. Yayyenmu ma'aikata da ke zaune a nan kuma muna roƙonsu su buɗe mana ƙofa in mun zo, da alkawarin ba za mu rubuta sunan kowa ba.

Shugaba, lokacin da aka ba mu ya cika. Mun ga hannuwa biyu a sama tun muna maganar Udoji, sai a fara da su.